Rawaya a Kusurwar Hagu

Ƙarfe tara saura kwata aka bugo wa Dogo waya daga bakin get, aka ce matar da gidan adana zane-zane ya aiko ta iso. Ya ce a shigo da ita. Ya ajiye wayar, ya dubi shayin da ke gabansa, ya ga ba zai shawu ba.

"Lafiya kake kuwa?" in ji matarsa, wadda kowa ke kira Likita har shi kansa, don likitar ido ce. "Tun da gari ya waye kake zagaye gidan nan kamar wanda aka ce za a zo kamawa."

"Ba komai. Barci ne ban samu ba."

"Zane ne fa kawai za su ara, ba ƙoda za su cire maka ba. Wata uku su dawo maka da abinka." Ta ɗauki jakarta. "Mutum biyu gare ni a asibiti, sha ɗaya zan dawo. Mama ta ce tana nan tafe da rana. Kar ka bari ta hau benen nan ita kaɗai."

Dogo mai zane ne, amma duk wanda ya san shi ya san ba buroshi ne ya gina gidan nan ba. Sabulu ne. Mahaifinsa ya bar masa kamfanin sabulu, shi kuma ya bar wa manajoji suka ci gaba da dafa sabulunsu, ya shige ɗaki yana ɓata yadi da fenti. Shekara arba'in yana zane. An yi masa baje koli sau bakwai, shida a ciki shi ya kama zauren da kansa. Mutane kan zo su ci su sha, su tsaya gaban aikinsa su karkata kai su ce, "Kai, akwai tunani a nan," sannan su tambaya ko za a bar su su leƙa falon sama. Don a falon sama abin kallo yake, zane-zanen zamani tamanin da wani abu, na manyan masu zane, da ya tara ɗaya bayan ɗaya. Ido kam Allah ya ba shi. Hannun ne aka rage masa, kuma ya san da haka, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

A bangon gabas na falon akwai wanda ya fi duka, wanda ake kira Babban Shuɗi. Tsayinsa ya ɗara na mutum. Shuɗi ne a kan shuɗi, da wasu layuka kakkarye masu ruwan toka, sai a kusurwar hagu ta ƙasa wata rawaya guda ɗaya, murɗaɗɗiya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Shi ne aikin ƙarshe na marigayi malamin Dogo, tsohon da ake kira Bahago saboda da hagu yake riƙe buroshi. Bana gidan adana zane-zane zai haɗa ayyukan Bahago kaf a wuri ɗaya, shi ya sa suka nemi aron wannan. Sau biyu Dogo yana zamewa. A na uku suka bi ta hannun matar marigayin, wadda yake kira Mama, ita kuwa ba a ce mata a'a.

Ga abin da ya hana shi barci, wanda duk duniya ba mai sani sai shi.

Bahago ya gama zanen ne yana jinya, kuma ba ya barin kowa ya shiga ɗakin aikinsa, har matarsa. Ya sa aka naɗe shi da bargo aka kai gidan Dogo, ko hoto ba a ɗauka ba. Sati uku bayan nan ya rasu. Da hankali ya ɗan kwanta sai Dogo ya shirya taro a gidansa don a nuna wa mutane aikin ƙarshe. Saura kwana biyu, yana dubawa sai ya ga ɗigon kashin ƙuda a kusurwar hagu. Ya miƙa hannu baya ya ɗauki tsumma a kan teburinsa, bai duba ba. Ashe tsumman a jiƙe yake da tina, ruwan da yake wanke buroshi da shi. Bahago kuwa siriri yake zuba fenti, ba ya kuma shafa man nan mai sheƙi da ke kare zane, ya ce man na kafintoci ne. Shafa ɗaya Dogo ya yi. Da ya ɗaga tsumman, wurin ya taho tare da shi.

Yini guda ya yi yana haɗa kala ko zai dace da ta malaminsa. Duk wadda ya sa sai ta fito kamar faci a gwiwar wando. Ga fentin mai yana son sati kafin ya bushe, ga baƙi jibi. Ya koma wa fentin roba mai saurin bushewa, shi ma ya ƙi dacewa. Can dai, tsoro da haushi suka haɗu, ya matse rawaya a kan buroshi ya ja ta sau ɗaya a kan ɓarnar. Ya ja da baya ya duba. Ta zauna daram. A duk rayuwarsa hannunsa bai taɓa yin abu mai kyau irin wannan ba, kafin nan da bayan nan.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Ranar taro aka yaye bargo, Mama ta dubi kusurwar nan, sai kawai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Dogo bai tuna ba sai a lokacin: Bahago bai taɓa sa rawaya a zane ba. Ya ce kalar masu neman a kalle su ce. Mama kuwa labulenta rawaya, kofunanta rawaya, ɗankwalinta rawaya. Shekara arba'in suna wannan faɗan na wasa. Ta ce masa, "Wai sai ka mutu ba ka sa min ko ɗigo ɗaya ba?" Shi kuma ya ce, "Sha kuruminki, ba zan sa ba." Yau ga ta a aikinsa na ƙarshe. Tana kuka tana gaya wa mutane, mutane na share hawaye. Dogo ya buɗe baki, ya mayar ya rufe. Tun daga ranar, duk shekara in ranar rasuwar ta zagayo sai Mama ta zo ta zauna gaban zanen sa'a guda. Bana shekara ashirin da biyu ke nan.

Matar da aka aiko gajeriya ce mai ƙaton gilashi, shekarunta ba su wuce arba'in ba. Aikinta duba lafiyar zane da gyara shi, kuma doka ce a wurinsu, ba a ɗaukar aron zane sai ta rubuta rahoton yadda ta same shi. Ta gaishe shi a taƙaice. Ba ta ce gidan ya yi kyau ba, ba ta tsaya kallon sauran zane-zanen ba, abin da Dogo bai saba gani ba. Ƙarti biyu da ta zo da su suka sa safar hannu, suka sauke Babban Shuɗi, suka jingina shi a kan matashin soso, ta ce su jira ta a mota.

"A kawo miki ruwa ko lemo, Malama?"

"Na gode, Yallaɓai. Ba na shan komai kusa da aiki."

Ta fara da baya. Ta duba katakon, ta duba ƙusoshin, ta ƙwanƙwasa nan da can da ɗan yatsa, tana rubutu a wani ƙaramin littafi. Dogo na tsaye yana zuba mata labari, yadda ya haɗu da Bahago, yadda tsohon ya taɓa jifan sa da gwangwanin fenti. Ita dai "Uhm" kawai take cewa. Ta dawo gaba, ta ɗauki madubin ƙara girma, ta fara daga kusurwar dama ta sama tana tafiya a hankali, layi bayan layi, kamar mai karatu. Ya lissafa a ransa, in ta ci gaba a haka kusurwar hagu ta ƙasa ce ta ƙarshe. Na'urar sanyaya ɗaki na aiki, amma zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

Sai da ta yi kusan sa'a biyu kafin ta iso wurin. Ta durƙusa. Ta daɗe a durƙushe, ba ta rubuta komai ba.

"Yallaɓai, don Allah a ja labulen nan duka. A kashe fitilu."

Ya je ya ja su da kansa. Falon ya yi duhu da rana tsaka. Ta ciro wata 'yar fitila daga akwatinta ta kunna, haskenta shuɗi-shuɗi ne marar ƙarfi. Ta bi fuskar zanen da shi. Duk inda ya sauka sai fentin ya ba da wani ɗan haske fari-fari, iri ɗaya daga sama har ƙasa. Da ya sauka a kusurwar hagu, wurin ya ƙi amsawa. Ya fito baƙiƙƙirin, da gefensa a fili kamar an yanka da almakashi, har ya fi rawayar faɗi, don duk facin da ya yi ta gwadawa a ranar nan ga su nan a kwance.

"Wa ya taɓa nan?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Ba wanda ya taɓa. Daga hannun Malam ya zo nan, bai taɓa fita ba."

"To Malam ɗin ne ya sa fentin roba a kan na mai?"

"Wa ya sani? Yana jinya a lokacin. Mai yiwuwa gaggawa yake yi."

"Mai yiwuwa." Ta kashe fitilar, ta tashi ta buɗe labule ɗaya da kanta. "Na duba ayyukansa talatin da ɗaya a watannin nan, ko ɗigon roba babu. Amma a bar wannan. Zo ka gani, ai kai ma mai zane ne."

Ya matso. Ta miƙa masa madubin.

"Dubi sawun buroshin a nan sama. Duk daga hagu suke sauka, su gangara dama, haka hannunsa yake tafiya. Yanzu dubi rawayar. Daga dama ta taso. Wanda ya ja ta da hannun dama ya ja ta, kuma a tsaye yake ya sunkuyo, mutum ne mai tsayi."

Dogo ya nemi kujera ya zauna. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, shi da furfurarsa, a cikin gidansa, gaban yarinyar da ya haifi kamarta. Sai kuma ya ji bakinsa yana faɗin abin da ya ƙara masa wata kunyar.

"An ce ɗakin aikinku ya tsufa, Malama. An ce rufin ma yoyo yake yi. Na daɗe ina tunanin in yi wani abu a kai."

"Yana yoyo kam," ta ce, tana goge gilashinta da bakin riga. "Mun sa bokiti. Yallaɓai, ban ji abin da ka ce ba, kai ma ba ka faɗa ba. Ni ba alƙali ba ce. In zanen nan zai shiga motarmu, sai na rubuta abin da na gani, kuma shugabanmu zai karanta, kuma ba za a buga rawayar nan a jikin allon talla da sunan marigayi ba. In kuma ka ce ka fasa ba da aro, zanenka ne. Babu aro, babu rahoto. In tattara kayana in tafi, ba kuma na yawo da maganar gidan mutane."

Ga ƙofa an buɗe masa, har ya ji numfashinsa ya dawo. Abin da zai yi kawai, ya ce zanen ba zai jure tafiya ba. Ko ya ce katakon ya yi rauni, ko kamfanin inshora ya hana. Mama za ta yi faɗa kwana biyu ta huce, ta ci gaba da zuwa duk shekara. Shekarunta tamanin da uku. Ya kama kansa yana lissafin shekarun da suka rage mata, ya tsani kansa, amma bai daina lissafin ba.

"To, ina ganin mu..." ya fara.

Sai ga ƙarar sanda a kan matattakala, ƙwas, ƙwas, da muryar Likita tana cewa, "A hankali, Mama, saura uku."

"Na san saura uku, ni na fi ki hawan benen nan. Dogo! Kana ina? Wane irin duhu ne wannan da rana, ko wutar ma ta gagare ka biya?"

Ya miƙe da sauri ya buɗe sauran labulen. Mama ta shigo tana haki, Likita na riƙe da gwiwar hannunta. Tsohuwar shugabar makaranta ce, har yau in ta yi magana sai mutum ya gyara tsayuwa. Ta miƙa wa Dogo hannu ya kama da hannu biyu ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Mama. Ai da rana aka ce min."

"A get na tarar da ita," in ji Likita. "Ta ce ba za ta iya jira ba."

"In jira a ɗauke shi ban yi masa sallama ba? Ka rame, ɗan nan. Likita, ba kya ba shi abinci ne? Wannan ce 'yar gidan adanar? Sannu 'yata. Ki riƙe min shi da kyau, kin ji ko, mijina ne a jingine a nan."

Matar ta gaishe ta a ladabce, ta koma gefe tana shirya akwatinta. Ba ta dubi Dogo ba. Ya jawo wa Mama kujerar da ta saba zama a kai, ya ajiye gaban zanen. Ta zauna, ta buɗe jaka, ta ciro takarda mai ninki huɗu da gilashin karatu.

"Sun ce ni zan buɗe taron. Minti biyar suka ba ni, kamar wadda za ta yi tallar magani. Sati biyu ina rubutu ina yagewa. Ku tsaya ku ji, in akwai inda na yi shirme ku faɗa, kar in je in kunyata shi gaban mutane."

"Mama," in ji Dogo, "dama akwai wata 'yar matsala game da ɗaukar zanen. Katakon..."

"Katako kuma? Ku da kuke da kuɗi katako zai gagare ku? Yi min shiru in karanta."

Ta gyara murya, ta fara. Ta ce mijinta mutum ne mai taurin kai, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne bai san shi ba. Ta ce shekara arba'in suka yi tare bai taɓa ce mata ta yi kyau ba, bai taɓa sayo mata ko zobe ba, in ta yi ƙorafi sai ya ce ai tana da madubi. Likita ta yi dariya. Ta ce akwai shekarun da ta zauna tana tambayar kanta ko mutumin nan ya san tana gidan ma kuwa, ko dai ita ma kujera ce cikin kujeru. Ta ce da ya rasu ta yi kuka, amma rabin kukan na haushi ne, don ya tafi bai ce mata komai ba.

Nan ta gyara zama. Ta ɗaga takardar kusa da fuska.

"Sai ranar da na shigo wannan ɗaki na ga kusurwar can. Jama'a, ku da kuka yi karatun zane kun rubuta abubuwa da yawa a kanta, na karanta wasu ban gane ba. Ni dai abin da na sani, mutumin da ba ya iya magana da baki ya yi min magana da hannunsa. Yana kwance yana ciwo, ya tashi ya sa kalar da ya tsana saboda ni. Da wannan na rayu shekara ashirin da biyu, kuma da shi zan..."

"Mama, tsaya."

Bai san ya yi magana ba sai da ya ji muryarsa. Mai gyaran zane ta tsaya da abin da take yi. Likita ta dube shi da mamaki.

"Me? Ya yi tsawo ne?"

Har yanzu yana iya cewa e, ya yi tsawo. Yana iya komawa kan katako. Amma ya hango ta a tsaye gaban mutum ɗari uku tana faɗin wannan magana, ana tafi, shi yana layin gaba yana tafi tare da su. Ko ya hana zanen zuwa, takardar nan za ta je. Ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ba Malam ne ya sa rawayar nan ba. Ni na sa."

Ya faɗa mata duka, kashin ƙuda, tsumma, tina, baƙin da ke tafe jibi. Bai yi minti biyu ba ya gama. Abin ya ba shi mamaki, kayan da ya ɗauka shekara ashirin da biyu ashe ba su fi haka ba. Likita ta dafe bango. Mama kuwa ba ta motsa ba, takardar na hannunta, tana kallonsa ta saman gilashi yadda take kallon ɗalibi.

"Kana tsaye a wurin ranar nan," ta ce. "Kai ka ɗaga ni daga ƙasa."

"E, Mama."

"Duk shekara kai kake jawo min kujerar nan."

"E."

"Ka san ina son rawaya, shi ya sa ka zaɓe ta? Don ka faranta min?"

Ya so ya ce e. Da ya ce e, da ta samu ɗan abin riƙewa, shi ma haka.

"A'a, Mama. Ita ce a kusa da hannuna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta juya ta dubi kusurwar.

"To me ya sa a wurin? Shi, me ya zana?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Wannan tambayar ce bai taɓa shirya mata ba. Ya yi ta laluben ranar a kansa, ya ga tsumman, ya ga ƙudan ma, amma abin da ke ƙarƙashi ya ɓace.

"Ban tuna ba."

"Ba ka tuna ba."

"Wallahi ban tuna ba, Mama."

"'Yata," ta kira mai gyaran zane, "akwai abin da ya rage a ƙarƙashi?"

"Mai yiwuwa akwai saura, Mama. Fentin roba bai cika kama na mai ba, yana ɗaguwa. Cire shi duka aikin makonni ne a ɗakin aiki. Amma zan iya buɗe ɗan wuri kamar farce a gani." Ta dubi Dogo a karon farko tun shigowar tsohuwar. "Sai dai da izinin mai shi."

Ya dubi rawayar. Masana sun rubuta shafuka a kanta, an ce a nan ne Bahago ya kai ƙololuwa, shi kuma ya yanke shafukan ya ɓoye a durowa yana karantawa in ba kowa. Abu ɗaya tak da ya taɓa yi mai kyau ke nan. Ya ji zafin rabuwa da ita har cikin ƙirjinsa, ya kuma ji kunyar jin zafin.

"Buɗe," ya ce.

Ta sa safar hannu. Ta naɗa auduga a kan tsinke, ta tsoma a wata 'yar kwalba, ta durƙusa. Ba gogewa take yi ba, mirgina audugar take yi a hankali a wuri ɗaya, a tsakiyar rawayar. Audugar ta rine, ta jefa a gwangwani, ta naɗa wata. Ta uku. Ta huɗu. A ta shida ta ja da baya, ta kunna farar fitila, ta miƙa wa tsohuwar madubin.

Likita ta kama ta ta sunkuya. Dogo ma ya leƙa ta bayan kafaɗarta. Ɗan wuri ne kamar farcen babban yatsa. Rabinsa zaren yadi ne tsirara, inda tsumman ya kwashe. Ɗaya rabin kuwa ruwan toka ne, siriri, irin na sauran layukan, da sawun buroshi ya sauko daga hagu.

Mama ta daɗe tana kallo.

"Toka," ta ce. Sai ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Ashe bai sa ba. Ya ce ba zai sa ba, bai kuwa sa ba."

Ta miƙa madubin ga mai shi. Ta ninke takardarta yadda take, ninki huɗu, ta mayar jaka, ta cire gilashin ta sa a gidansa, duk a nutse. Ba ta yi kuka ba, kuma Dogo ya gwammace a ce ta yi.

"'Yata, ki rubuta abin da kika gani. Ku ɗauke shi, ku cire duka, ku rataye shi yadda ya bar shi ko da rami ne. Ki gaya wa shugabanku ya nemi wani ya buɗe musu taro, ni ba ni da abin faɗa. Likita, kama ni."

Dogo ya miƙa hannu zai taimaka. Ta ɗan kauce, ba da ƙarfi ba, ta ba Likita hannun. Ya bi su a baya har bakin matattakala, yana kallon bayan tsohuwar, ya ga yadda ta ƙanƙance a cikin rabin sa'a.

"Mama, ki yafe min."

"Zan yafe maka, Dogo. Ba yau ba dai."

"In sun dawo da shi, za ki zo ranar da kika saba? Zan turo mota."

Ta tsaya a matakalar farko, hannu ɗaya a kan sanda. Ba ta juyo ba.

"In zo in ga me?" ta ce.

Ya tsaya yana jin ƙarar sandar har ta kai ƙasa. A bayansa mai gyaran zane ta leƙa taga ta kira ƙartinta su hawo da akwatin da za a sa zanen.